Gahawa a Jidda: inda zaka zauna ka sha, da inda zaka saya ka tafi da ita gida

Jama'a duk wanda yazo Umra ko Hajji ya samu kwana ɗaya biyu a Jidda kafin jirginsa ya tashi, tambayar da yake mana mu mazauna nan kusan ɗaya ce, wai ina ake samun gahawa mai kyau, ta sha da kuma ta tsaraba. Toh amsar bata da tsawo amma sai ka fara sanin wace gahawa kake nufi, dan a ƙasar nan iri biyu ne kuma basu haɗa hanya ba ko kaɗan. Akwai ta gargajiya, wadda ake zubawa daga dalla, wato butar gahawar Larabawa, a ɗan finjali, ruwanta fatsi-fatsi kamar shayi marar kauri, ana sa mata hel, kayan ƙamshin nan da Turawa ke cewa cardamom, da za'afaran a sha da dabino. Sannan akwai ta zamani wadda samari da 'yan mata ke bi layi a kanta, baƙa ko mai madara, ana tace ta kofi ɗaya-ɗaya a gabanka. Wanda ya shiga shagon ta zamani yana neman abinda zai kaiwa Baba ya sha da dabino bayan la'asar zai fito da abinda Baba bazai taɓa sha ba, kuma ya biya kuɗi mai yawa.

Mu fara da wajen zama a sha.

Mafi sauƙi sune manyan kamfanonin nan masu rassa ko'ina. Barn's ɗan asalin Jidda ne, tun 1992 suke, kuma zaka ga 'yan rumfunansu a gidajen mai da bakin titi wanda ko daga mota baka sauka ba za'a miƙo maka. Akwai Half Million da ya taso daga Riyad, akwai Dr. Cafe, ga na waje irinsu Starbucks da Dunkin. Amfaninsu shine sauri, da kuma cewa abinda ka sha a reshe ɗaya shi zaka sha a ɗaya reshen, farashi a rubuce babu ciniki, in kana da yara ko tsohuwa a mota kuma rana ta take wannan ya wadatar dakai. Amma idan ka ware yamma guda dan ka ɗanɗani gahawar da ake ta magana a kanta, ni dai ba can zan kaika ba.

Inda zan kaika shine shagon da suke gasa ƙwayar da kansu. Wannan shine babban abinda ya raba shago da shago, ba fitilu ba, ba kujeru masu laushi ba, ba yawan masu ɗaukar hoto a ƙofa ba. A Jidda sunayen da aka daɗe da sani a wannan harka akwai Medd da Brew92, a Riyad kuma akwai Camel Step da Elixir Bunn da Sulalat, kuma ledojin waɗannan na Riyad ɗin zaka gansu a kan kanta a ƙananan shaguna da yawa a nan Jidda, dan ba kowane ƙaramin shago ke da injin gashi ba, saye suke daga masu gasawa. Wannan ba aibi bane. Aibin shine ka tambayi yaron dake bayan kanta daga ina ƙwayarku take ya kasa baka amsa. Shagon kirki kafin ma ka gama tambaya zai ɗauko maka leda biyu uku yace wannan ta Habasha ce, wannan ta Kolombiya, wannan ta Barazil, ya buɗe ya baka ka shinshina, ya tambayeka kana son mai ɗan tsami-tsami ko mai nauyi. In kaga haka toh ka zauna, kazo wajen.

Abinda zaka ce a baka kuma, ga yadda nake ganinsu. Akwai wadda suke cewa gahawar yau, an riga an dafa ta a babban tulu ana zubawa, ita ce mafi arha a kowane shago kuma da ita nake auna waje, dan shagon da ya kula da mai arharsa zai kula da mai tsadarsa. Akwai V60, wani ɗan mazurari ne na kamfanin Hario na Japan da ake sa masa takardar tacewa, a auna garin a sikeli, a zuba ruwan zafi a hankali ana zagayawa, minti uku zuwa huɗu kana tsaye kana kallo. Tafi gahawar yau tsada kusan ninki biyu, amma a nan ne zaka ji bambancin ƙwaya da ƙwaya, ta Habasha da aka shanya da ɓawonta tana zuwa da ƙamshin 'ya'yan itace har kayi zaton an sa mata wani abu alhali ba'a sa komai ba. Da zafin Jidda da gumin nan na bakin teku yawancin mutane a kan ƙanƙara suke cewa a yi musu, kuma gaskiya tafi shiga. Wanda bai saba da baƙa ba kar ya takurawa kansa, yace a bashi Sifanish late, madara ce mai zaƙi da gahawa, Hajiyoyinmu ita suka fi so. Abu ɗaya dai, madara da sukari suna rufe komai, ƙwaya mai kyau da marar kyau duk ɗaya zaka ji su, dan haka babu dalilin da zaka tsallaka gari ka biya kuɗin Uber dan ita, ta kusa da masaukinka ma ta isa.

Wajen nema, unguwar Rauda da kewayen titin Tahliya nan ne shagunan zamani suka fi cika, sai bakin teku wajen Kornish. A taswirar Google kar ka tsaya a yawan taurari, sabon shago da aka buɗe jiya abokan mai shi sun cika masa taurari biyar. Ka buɗe hotunan da mutane suka ɗora ka duba ko akwai ledojin ƙwaya a jere da sikeli a kan kanta, ka karanta sharhin waɗanda suka bada uku ko huɗu dan su suka fi faɗin gaskiya. Na TikTok da Snapchat kuwa da yawa talla ce aka biya. Kuma ka sani garin nan da dare yake rayuwa, shagon da ka samu fayau da azahar bayan isha'i bazaka samu kujera ba, ranar Juma'a da safe kuma kusan ko'ina shiru ne sai an sauko masallaci. In hira kake so da mai haɗawa ya nuna maka abubuwa, kaje da hantsi ko bayan la'asar kaɗan.

Ta gargajiya kuwa a gaskiya a gidan mutane tafi daɗi, amma baƙo zai sameta a Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2014, akwai ƙananan wuraren zama a cikin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, za'a kawo maka dalla guda da finjalai da ɗan kwanon dabino, ku uku ko huɗu ku raba. Da hannun dama ake karɓa, ba'a cika finjali sai kamar kashi ɗaya cikin uku, in ka ƙoshi ka ɗan girgiza finjalin kafin ka miƙa, in ba haka ba mai zubawa zai ta ƙara maka. Idan kana da abokai 'yan Sudan, da yawa cikin 'yan uwanmu Hausawa na nan ta Sudan iyayensu suka biyo, kace su kaika inda ake jabana, baƙa ce wuluk da citta a ɗan tulun ƙasa ana turaren wuta a gefe. Wata duniya ce daban kuma kuɗinta kaɗan ne.

Yanzu ga inda kuɗi ke zubewa, wato tsaraba, kuma nan nafi so a saurareni.

Hanya uku ce. Ta farko shagunan tsaraba na kusa da masauki da na filin jirgi, gwangwani mai kyalli da hoton dalla da raƙumi. Ta biyu babban kanti irinsu Panda da Danube da Bin Dawood, inda zaka samu garin da aka riga aka haɗa a leda da kuma 'yan sacet na zuba-ruwa-ka-sha. Ta uku mahmasa, wato shagon masu gasa gahawa da kayan ƙamshi, inda buhunan ƙwaya ke buɗe a gabanka.

Ta farko ni bana baiwa kowa shawararta sai wanda lokaci ya ƙure masa. Gwangwanin kake biya, garin ciki kuwa Allah kaɗai ya san yaushe aka niƙa shi, kuma gahawa da an niƙa ta ƙamshinta ya fara tafiya kenan, hel ma haka. Na ga wata baiwar Allah 'yar Zariya ta buɗe irin wannan gwangwanin a gabanmu wanda ta saya a wani shago kusa da otal ɗinsu, ta sa hanci ta ɗago tace ita ƙamshin kwali kawai take ji, muka duba gindin gwangwanin babu ranar gashi sai ranar lalacewa shekara biyu gaba. Ta sayi guda shida.

Ta biyu bata da laifi in kasan me ka saya. Sacet ɗin nan irinsu Kif Almosafer suna da amfani ga ɗan ofis ko matafiyi, ruwan zafi kawai, kuma basu da nauyi a jaka, ka rabawa mutum goma kowa ya samu. Amma ka juya bayan ledar ka karanta, da yawa daga cikin haɗe-haɗen nan akwai garin madara a ciki, wasu da sha'ir, gahawar kanta ba ita tafi yawa ba. Ba haramun bane, wasu Larabawan ma haka suke so, sai dai kar ka biya kuɗin zalla ka tafi da gauraye.

Ta uku ita ce zaɓina, kuma bata fi sauran tsada ba in ka lissafa da kilo. Akwai masu rassa irinsu Baja da Al Rifai waɗanda suke da tsafta da farashi a manne, akwai kuma tsofaffin masu kayan ƙamshi na Suƙ Alawi da wajen Bab Makka a cikin Balad, inda ake ciniki kuma ake barinka ka ɗebi ƙwaya a tafin hannu. Ka shiga kace gahawar Saudiyya kake so, zai tambayeka wace ƙwaya da wane irin gashi. Ƙwayar da akafi amfani da ita Harari ce, daga yankin Harar na Habasha, doguwa ce siririya, ita ce ta tsakiya a farashi kuma ita nake cewa baƙo ya saya. Akwai Laƙamti ita ma ta Habasha, tafi arha, in mutanen da zaka rabawa suna da yawa babu laifi. Sai Khaulani wadda kowa ke kiran sunanta.

Bari in ɗan tsaya a kan Khaulani dan a nan ake yiwa mutane wayo. Ana nomata ne a duwatsun Jazan can kudu kusa da iyakar Yaman, wajen Dayir da Faifa, a kan gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse, kuma a 2022 UNESCO ta sa ilimin nomanta a jerin al'adun da ake karewa, kamar yadda ta sa ita kanta gahawar Larabawa a 2015. A wannan shekarar ta 2022 ma'aikatar al'adu ta kira shekarar da sunan shekarar gahawar Saudiyya, aka umarci shaguna su daina rubuta gahawar Larabawa su koma rubuta gahawar Saudiyya, kuma asusun zuba jari na gwamnati ya kafa Saudi Coffee Company da niyyar kashe riyal biliyan 1.2 cikin shekara goma dan a ɗaga abinda ake nomawa daga tan 300 zuwa tan 2,500 a shekara. Toh ka duba wannan lissafin da kyau. Ƙasar da kowane gida ke ɗora dalla safe da yamma, abinda take nomawa a lokacin 'yan ɗaruruwan tan ne, saura duk shigo da shi ake, mafi yawa daga Habasha. Kenan ba zai yiwu kowane buhu da aka rubutawa Khaulani a kasuwa ya zama daga Jazan yake ba. Wata daga ɓangaren Yaman take, dan ƙabilar Khaulan ta ratsa iyakar biyu, wata kuwa sunan kawai aka ɗora mata. In aka ce maka Khaulani ce kuma farashinta ɗaya da Harari, ka sayi Harari ɗinka da sunanta ka huta. In kuma lallai ta Jazan kake so ka kaiwa wani babba, ka nemi Jazean, tambarin wancan kamfanin ne, ko ka tambaya a shagunan zamani masu gashi dan wasunsu suna kawo ta da sunan gonar a jikin leda. Zaka biya, amma kasan me ka riƙe.

Sai gashi. Ba ɗaya bane a faɗin ƙasar, mutanen kudu nasu fari ne sosai kuma suna sa citta da kirfa, na Najad wajen Riyad da Ƙasim ruwan zinare da hel da za'afaran, na arewa yafi duhu da ɗaci, mu nan Hijaz tsaka-tsaki. Ga harshen Bahaushe da ya saba da shayi mai kauri da kayan yaji ni ina ganin tsaka-tsakin yafi, dan farin gashin nan in ba'a iya dafa shi ba ɗanye-ɗanye yake fita a baki. Kace a niƙa maka a gabanka, kuma kace niƙan gahawar Saudiyya, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ba laushi irin na Turkiyya ba. In kana da injin niƙan kayan miya busasshe a gida ma gara ka tafi da ƙwayar a haka ka riƙa niƙa na sati-sati.

Kar ka yarda a haɗe maka hel da gahawa a leda ɗaya, wannan ita ce shawarar da nafi nanatawa. Dalili na farko hel yafi gahawa tsada nesa ba kusa ba, in aka haɗa baka san nawa aka zuba ba ko kuma ɓawon kawai aka niƙa maka. Na biyu ba tare ake dafa su ba, gahawar ake fara tafasawa a wuta kaɗan kamar minti goma zuwa sha biyar, a sauke ta kwanta, sannan a tace a kan hel ɗin a cikin dalla ko fulas, in ka tafasa hel tun farko ƙamshin ya gudu ya bar ɗaci. Ka sayi hel ɗinka ƙwaya, akwai na Indiya akwai na Gwatamala, ka zaɓi kore shar mai ƙiba, ka fasa ɗaya da farce, 'ya'yan ciki su zama baƙaƙe masu ɗan danƙo, in ka gansu fari-fari a bushe tsoho ne. Ni kilo ɗaya na gahawa nake haɗawa da rubu'in kilo na hel, ya kan isa har ya ɗan rage. Za'afaran kuwa giram ɗaya ya isheka wata da watanni, ka sayi zare ba gari ba, kuma mai arha sosai ka barshi.

Wanda kuma ta zamani yake so ya tafi da ita, ledar giram 250 ake sayarwa, ka duba ranar gashi a jiki, wadda bata wuce sati biyu zuwa wata ɗaya ba ita kake so, kuma ledar ta zama mai ɗan maɓallin fitar da iska. Ka tambayi kanka tsakani da Allah kana da mazurarin da takardar tacewa a gida? In babu, akwai 'yan ambulan da ake ratayawa a bakin kofi a zuba ruwan zafi, yawancin masu gashin suna yinsu a kwali, su suka fi dacewa da mai komawa Kano ko Maraɗi inda takardar V60 sai an sha nema. Farashin da ka gani a manne yawanci da harajin kashi 15 a ciki, amma a kasuwar Balad ka tambaya kafin a ɗaure kaya, kuma ka riƙe ɗan tsabar kuɗi dan katin bankin gida ba kullum yake wucewa ba.

Akwai abin sha ɗaya da ba gahawa ba wanda bazan so kazo Hijaz ka tafi baka ɗanɗana ba, sobiya. Da sha'ir ko busasshen burodi ake yinta, a jiƙa a barta ta kwana, a tace a sa sukari da hel da kirfa, tana kama da kunun zaƙinmu sai dai tafi shi tsinkewa. Akwai fara, akwai ja, akwai ruwan ƙasa ta tsamiya. Da azumi ne kasuwarta ke ci, zaka ga layi kafin magariba ana ɗaurawa a leda, a Makka sunan Khudari ne ya shahara da ita, a Madina kuma Khasha, kuma da jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 duka biyun ba nisa daga Jidda. Amma ita ba kayan tsaraba bace ko kusa. Ka sayi mai sanyi daga inda kaga tana ƙarewa da wuri, ka sa a firij ka shanye cikin kwana ɗaya ko biyu, dan in ta daɗe a zafi tana ci gaba da tsami har ta tashi daga abinda ya halatta a sha, in kaga ledar ta kumbura ko tana kumfa ka zubar kawai.

Wajen ɗaure kaya, garin gahawa da hel a babbar jaka zaka sa ba ta hannu ba, kace mai shagon ya like maka ledar da injin zafi sannan ka ƙara wata a kai. Kuma ka raba su da turare, Hajiya dake nake musamman, dan gahawa tana jan ƙamshin duk abinda ke kusa da ita, in ta kwana jaka ɗaya da kwalbar oud ko bakhur toh oud zaku sha a gida. Ki sa turaren a jaka ɗaya, gahawa da dabino a ɗayar, in jaka ɗaya ce gareki ki nemi roba mai murfi ki saka ledojin a ciki kafin ki tura tsakiyar kaya.